Gwangwanayen Kaka da Ruwan 'Yan Gaisuwa

Tun ranar da aka kawo ni gidan nan nake tsoron katangarmu. Ɗakin da aka ba ni shi ne na bakin titi, wato bangon da nake jingina kai idan na kwanta shi ne katangar gidan ta waje. Ginin banko ne, ƙasa zalla, ya girmi mijina nesa ba kusa ba. A bayansa kuma, ta wajen titi, kakan mijina ya rataye gwangwanayen tumatir da na madara da yankakkun bidon, wato jarkokin roba, cike da ƙasa da tsirrai, daga gwiwa har inda hannunsa ke kaiwa. Masu wucewa su ce masha Allah. Ni kuwa abin da nake gani ruwa ne kusa da ginin ƙasa. Ina ƙarama, a gidan hayarmu na unguwar Dapoya, na ga katanga ta faɗi bayan ruwan sama. Ba ta ma yi ƙara ba. Durƙusawa kawai ta yi kamar tsohuwar da ƙafa ta gaza, ta danne tumakin maƙwabcinmu biyu.

Da na haifi 'yata sai tsoron ya samu wurin zama. Akwai wata 'yar tsaga ta cikin ɗaki, daidai saman inda nake shimfiɗar da ita. Kullum da safe, kafin in hura wuta, sai in zare tsinke ɗaya daga tsintsiya in zura a tsagar, in riƙe da farce inda ya tsaya. Shekara uku ina wannan awo. Tsagar ba ta ƙaru ba ko da kaurin gashi. Sai da Kaka ya rasu.

Ranar Talata ya cika, bayan asuba, a tsakiyar damina. Zazzaɓin kwana huɗu ne kawai. Na Allah muke, wurinSa za mu koma, Kaka dai ya riga mu. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa makwanci.

Tsakar gidanmu ko shanya ba ta isa ba, balle taron maza. Don haka a titi aka shimfiɗa tabarmi, a gindin katangar. Mu mata muna ciki, amma ni ce ƙarama, ni ke kai ruwa da abinci bakin ƙofa, saboda haka na ga abin da sauran ba su gani ba. Kusan duk wanda ya zo gaisuwa, katangar yake fara kallo kafin ya dubi masu gida.

Maƙwabciyarmu 'yar Mosi, mai gasa masara a kwanar layi, ba ta ma shigo ciki ba da farko. Tsayawa ta yi gaban gwangwanayen tana shafa ganye tana cewa, "Yaaba, Yaaba," haka suke kiran kaka da yarensu, hawaye na bin wuyanta. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, abokan aikin mijina, suka zo a tare. Ɗaya ya ce shi bai taɓa kama hanyar Lome ba tare da barkonon tsoho a aljihu ba. Babban aminin Kaka, wani Alhaji mai sayar da goro a kasuwar Sankaryaaré, wanda suka yi fatauci tare tun suna samari, ya zauna a gefe. Can sai ya cire hula ya ɗora a gwiwa ya ce, "To yanzu wa zai riƙa zagina?"

Sai wata mata gajeruwa da ba wanda ya sani a gidan. Ta durƙusa gaban baban mijina ta ce a yafe mata, shekara biyu tana tsinkar yakuwa a katangar nan idan za ta wuce da safe, ba ta taɓa neman izini ba, ba ta ma san fuskar mai ita ba. Baban mijina ya yi dariya da jajayen idanu.

"Shi ya san ki," ya ce. "Ke ce mai koren zane. Don ke ya sauko da gwangwanin yakuwa taki ɗaya, ya ce kina wahalar miƙa."

Matar ta rufe fuska da mayafi. Ni ma na koma ciki da tiren a hannuna, na manta ban ajiye ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta liman ya yi 'yar nasiha. Ya nuna katangar ya ce muddin ganyen nan na kore, mutum ko dabba na ci, lada na bin mai shuka har cikin kabarinsa. Gaskiya ya faɗa, ban ga laifinsa ba. Da aka kira la'asar, Alhaji mai goro ya yi alwala, ya miƙe da ƙyar, ya juye sauran ruwan butarsa a gwangwani ɗaya ya ce, "Karɓi, abokina." Na bayansa ya gani, shi ma ya juye. Kafin magariba abin ya zama al'ada. Duk wanda ya yi alwala sai ya shayar da shukar mamaci.

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, hankalina a tashe. Don na san abin da ba su sani ba: da Kaka na nan, da sandarsa zai bi su.

Bari in faɗi yadda yake, don wanda bai zauna da shi ba.

Dogo ne, siriri, haƙoransa na gaba uku suka rage, duk ja saboda goro. Tunda jikansa nake aure, akwai wasa tsakaninmu. Amarya yake ce mini. Ya ce shi ya fara ganina, yaron nan ya yi masa shigar sauri. Ni kuma in ce, "Tsohon ango, da wane haƙori za ka ci tuwona?" Ya ce, "Da ukun nan na cinye huhun goro fiye da shekarunki." 'Yata kuwa sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Uwata yake kiranta. Idan ta yi masa fitsari a riga sai ya ce uwa ba ta laifi.

Fataucin goro ya yi har ƙafa ta hana shi. Daga can ya koyi hannun ruwa. Ya ce goro idan ya bushe asara, idan ya jiƙe ma asara, aikin ɗan fatauci shi ne ya san tsakiya. Da ya zauna gida babu fili ko na tabarma ɗaya da zai shuka wani abu, sai ya ce tunda ƙasa ta ƙi shi a kwance zai neme ta a tsaye. Haka gwangwanaye suka fara hawa katanga.

Bai ɗaukar tsiro don kyau. Gidanmu a kwana yake, katangar fuska biyu gare ta, ɗaya na kallon gabas, ɗaya yamma. Da la'asar sai ya ɗora tafin hannu a bangon yamma yana ƙirga a baki. Idan bai kai goma ba ya janye saboda zafi, sai ya ce ganye mai laushi ba zai zauna nan ba, a ba wa masu taurin rai, barkono da ɗoɗɗoya da gasaya. Na gabas, mai samun inuwa da rana ta juya, shi ne na alayyahu da lalo da na'ana'a.

Hawa uku ya yi musu. Na ƙasa ganyen dankali ne zalla, yana zubowa har ƙasa. Na taɓa tambayarsa wa zai ci wannan. Ya ce, "Awakin unguwa. In ban ba su nasu ba za su miƙe su ɗauki naki." Na tsakiya na miya ne, na duk macen da ta wuce. Na sama barkono, don kada yaro ya tsinka ya murza ido.

Wata rana ƙanen baban mijina, mai aiki a wata masana'anta a Kossodo, ya zo da wani fure a bayan mobileti, ɗan babur ɗinsa, ja jawur, mai ƙaya, wai daga gidan wani nasara, Bature, aka ba shi. Yana ta murna. Kaka ya zagaya furen sau biyu bai taɓa ba.

"Nawa yake sha?"

"Ban sani ba, Baba."

"Yana kama bango da farce, ko yana tsayawa inda aka sa shi?"

"Wallahi ban sani ba."

"In Uwata ta tauna fa?"

Ya dubi furen, ya dubi Kaka.

"To mayar wa mai shi. Ka ce na gode."

Waɗannan ukun yake tambaya kullum, ko tsiro daga Makka aka kawo. Soso ma ya ƙi, duk da uwar mijina ta roƙa don wanke-wanke. Ya ce soso na rufe fuskar gini, shi kuma ginin da bai ga fuskarsa ba bai san ciwonsa ba.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi da shi, kuma ni na jawo.

'Yata na da wata takwas, damina ta shigo. Bangon ɗakina shi ne na gabas, kuma na san gwangwanayen na'ana'a biyar suna rataye daidai bayan kanta. Na'ana'a kuwa ita ce ta fi kowa shan ruwa. Ita ce ma abin alfaharinsa. Ya ce saiwarta daga Bobo ya taho da ita a cikin ganyen goro, shekarun baya, da ita yake shayi kullum. Rannan da safe na taɓa bangon ta ciki na ji sanyi. Na sake taɓawa. Danshi ne. Ban yi shawara da kowa ba. Na jira ya tafi gaida Alhaji a kasuwa, na fita na sauke gwangwanayen nan biyar na jera a ƙasa. Niyyata in ya dawo in roƙe shi ya canza musu wuri. Yarinya ta yi kuka, na shiga ba ta nono. Kafin in fito awaki sun aske su tas.

Ya dawo ya tsaya ya daɗe yana kallo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Matar jikana, ke kika sauke?"

Matar jikana. Tunda na zo gidan bai taɓa kirana haka ba. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Uwar mijina ta wanke ni tas a gaban kowa. Kwana biyu ina kai masa tuwo yana cewa an gode, ba tsokana ba komai. Shayinsa ya sha haka nan ba ganye. Rana ta uku ya aiko uwar mijina ta ce zai shigo ɗakina. Babba kamarsa ba ya shiga ɗakin matar yaro. Ya yi sallama, ya shigo, ya ɗora hannu a bangon, ya shinshina tafinsa. Sai ya duƙa ya jawo tulun ruwana da na jingina a kusurwa. Ga zoben danshi a ƙarƙashinsa, ya bi ƙasa ya hau bango. Gindin tulun ne ya tsage ban lura ba.

Na rasa inda zan sa fuskata.

"Biyo ni," ya ce.

Muka fita titi. Ya nuna wani gwangwani ya ce in sa hannuna a bayansa. Na sa. Hannuna ya wuce har wuyan hannu bai taɓa komai ba. Ashe ba ɗaya da ke jingine da ginin. Waya ce ta sauko daga wani ƙarfe da ya gitta a saman katanga, kowane gwangwani na lilo a jikinta, an tokare shi da ɗan itace, ga kuma yankin robar cikin taya a bayansa. Ya ɗauko ɗan kofin shayinsa ya cika da ruwa, ya tsoma yatsu ya yayyafa kamar yadda ake yi wa goro.

"Kofi ɗaya," ya ce. "In ɗigo ya fito ta gindi, na yi ɓarna. Gidan ubana ne wannan, Amarya. Kina zaton ni zan narkar da shi?"

Da na ji Amarya ta dawo sai kuka ya ƙwace mini. Na ce ya yi haƙuri, ya mayar da na'ana'arsa wurinta, saiwar ba ta mutu ba.

"A'a," ya ce. "Ginin ba ya tsoron na'ana'a, amma ke kina tsoro. Ina jin ki kina juyi. In ba ki samu natsuwa ba Uwata ma ba ta samu."

Ranar ya kwashe sauran saiwar ya kai wa maƙwabciyarmu mai masara, wadda katangarta ta siminti ce. A bayan ɗakina ya rataye waɗanda ya ce ba su san ƙishi ba: kabar giwa, mai kaurin ganye da ɗacin ruwa wadda ake shafa wa ƙuna, da harshen saniya mai rarrafe. Sau ɗaya a mako yake yayyafa musu, ranar Juma'a. Da damina kuwa ba ya ba kowa ruwa sam. Har 'yan guntayen tol, kwanon rufi, ya yanka ya yi wa na bayan ɗakina rumfa, ya karkatar da su don ruwan sama ya zube titi.

Daga nan kullum da yamma sai ya ɗauki sanda ya tsallaka ya je roƙon ganyen kansa. Ina jiyo su.

"Salamu alaikum, ana ba baƙo na'ana'a a gidan nan?"

"Yau babu, Yaaba. Awakin amaryarka sun zo."

"To ki ba ni ko wadda suka taka."

Shekara biyu da 'yan watanni yana wannan tsallaka titi, da ƙafar da ke masa ciwo, bai taɓa goranta mini ba. Ni kuma ban daina awo da tsinkena ba, kuma ya sani. Wani lokaci idan na kai masa koko sai ya ce, "Amarya, yau me tsintsiya ta ce?" In ce ta ce lafiya. Ya ce a gaishe ta.

Wannan mutumin ne aka zo yi wa gaisuwa, kowa da butarsa.

Sallah biyar a rana, kowace da alwala, kuma mutanen ban iya ƙirga su ba. A gindin katangar suke tsugunawa su yi alwalar, sannan su miƙe su juye saura a gwangwani. Ga sama ita ma ba ta fasa nata ba. Rana ta biyu wani bawan Allah ya ga guntayen tol ɗin nan, ya ce wa ya rufe shukar tsoho ya hana ta ruwan rahama, ya cire su duka ya tara a gefe. Da kyakkyawar zuciya ya yi. Duk da kyakkyawar zuciya suke yi, shi ya sa abin ya fi ƙarfina.

Gwangwanaye suka cika suka tumbatsa. Ƙasar ciki ta yi nauyi, waya ta saki, 'yan itatuwan tokara suka zame. A karon farko tunda aka rataye su, suka kwanta a jikin ginin. Baƙaƙen layuka suka sauko daga kowanne har ƙasa.

Safiyar addu'ar uku na zura tsinke, ya shige duka bai tsaya ba. Na haɗa biyu, suka shige.

Na samu mijina a bayan ƙofa na faɗa masa. Idonsa duk ya faɗa don rashin barci. Ya ce, "Kina son in je in ce wa abokan kakana kada su yi masa sadaka? Da wane baki?" Na ce to ya gaya wa Baba. Ya ce Baba uba ya rasa, in bar shi ya ji da abin da ke damunsa, kwana nawa ne, za a watse.

Na je wa uwar mijina. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Ke da katangar nan dai. Wancan karon ma ba tulunki ba ne?" Na ce Inna, na fitar da tulun tun shekarar. Ta ce in kwashe yarinya mu koma ɗakinta in hakan zai kwantar mini da hankali, amma kada in ba su kunya gaban baƙi.

Muka koma ɗakinta. Hankalina bai kwanta ba. Katangar ce ke ɗauke da rufin ɗakina, a gindinta maza ke zama, kuma 'yata ta saba, da gari ya waye sai ta sulale waje ta je ta tsaya gaban gwangwanayen tana neman mai ce mata Uwata. Sau nawa na fizgo ta har ta yi kuka, mata na kallona kamar marar imani. Da sassafe kafin maza su taru nakan fita in karkata gwangwanayen in tsiyaye su. Ruwan har wari yake. Kabar giwa, wadda Kaka ya ce ko an manta da ita wata biyu ba ta fushi, na taɓa ta ta narke a hannuna kamar dafaffiyar kabewa. Harshen saniya ya yi baƙi. Kafin azahar an sake cika su.

Ranar bakwai na fito da tiren shinkafa, sai na ga Alhaji mai goro ya nufi bayan ɗakina da buta, cike, ba saura ba. Musamman ya cika ta. Yana tafe yana ɗingishi yana motsa baki. Ya ɗaga ta daidai inda layin danshi ya fi faɗi.

Ban san lokacin da murya ta fita ba.

"Baba Alhaji, kada ka zuba!"

Maza sun fi tabarma goma, kowa ya juyo. Alhaji ya tsaya da buta a sama yana dubana, ya kasa gane ni.

"'Yar wa ce wannan?"

Aka ce matar jikan marigayi ce.

"Yarinya," ya ce, "shekara hamsin muna cin abinci a kwano ɗaya da mutumin nan. Ba ni da abin da zan iya kai masa yanzu sai wannan. Shi ma za ki hana ni?"

Ina da amsa. Tana bakina. In ce masa kofi ɗaya, in ce masa goro, shi da ya fi kowa sanin abin da ruwa ke yi wa goro. Amma na ga fuskar baban mijina, na ga mijina ya sunkuyar da kai, sai harshena ya mutu. Na ajiye tire na gudu ciki. Ta bayan bango na ji ƙarar ruwan na sauka.

Har yau ana maganar a gidan. Wasu sun ce baƙin ciki ne ya taɓa ni, wasu sun ce dama ba na son shukar tsoho, ba ni ce na taɓa ba awaki ba. Mai masara ce kaɗai ta zo ta same ni a madafa, ta zauna tana taya ni tsinke ganye. Da za ta tafi ta ce na'ana'ar Yaaba na nan lafiya a wurinta, ta hana kowa kusantarta da buta. Ta ce ita ba surukar kowa ba ce, tana iya yin rashin kunya.

Ita ta turo mana ɗan'uwanta maso, wato magini, bayan an watse. Ya duba ciki, ya duba waje, ya ƙwanƙwasa gindin katangar da bayan cokalin gininsa. Wurin ya amsa da wata murya marar daɗi. Ya ce wa baban mijina ginin tsoho ne amma mai ƙashi. In aka bar shi ya sha iska, ba a ƙara masa ko ɗigo ba har damina ta fita, zai toshe tsagar ya yi sabon yaɓe, katanga ta ƙara shekaru. In aka sake jiƙa shi kamar wancan, shi ba ya ɗaukar alhaki, gara a rushe da hannu kafin ya faɗi da kansa.

Baban mijina ya ce to, in ta kai ga haka a rushe a yi na bulo, gwangwanaye kuma a zubar, dama mai su ya tafi.

Abin mamaki, ni ce na ji kamar an soke ni. Ni da na yi shekara uku ina fatan a wayi gari babu ko gwangwani ɗaya. Na mayar da guntayen tol wurinsu. Na ɗaure wayoyin da suka saki, na sassaƙa sababbin itatuwan tokara da wuƙar girki, na sa hannu a bayan kowane gwangwani sai na ji ya wuce. Barkono ya tsira, ɗoɗɗoya ta tsira, yakuwar mai koren zane ta fara sabon toho. A bayan ɗakina, cikin gwangwanayen kabar giwa bakwai, ɗaya ta fito da ɗan ƙaramin kai daga gefe, bai kai yatsan 'yata ba. Bangon ya fara haske daga sama. Gindin ne har yanzu baƙi.

Saura kwana tara addu'ar arba'in. An ce 'yan'uwa za su zo daga Bobo da Yamai da Kumasi, waɗanda ba su samu jana'iza ba, taron zai fi na farko. Kuma labarin shayar da shukar tsoho ya riga ya je musu. Jiya na ji uwar mijina na faɗa wa wata a waya, tana yabon yadda mutane suka nuna ƙauna. An ce a sayo ƙarin butoci.

Ba zan iya sake ɗaga murya gaban manya ba. Na gwada sau ɗaya, kun ji yadda ta ƙare.

Don haka kai da wannan takarda ta zo hannunka, ko aka karanta maka, in kana cikin masu zuwa, ga roƙona. Ka zo, muna murna da zuwanka. Ka yi alwalarka a tsallaken titi, bakin kwata. Ka yi wa Kaka addu'a iya yadda kake son sa, ka tsinki ganye in kana so, don kai ya shuka. Amma kada ka zuba ruwa a gwangwanayen nan, ko kaɗan, ko sauran buta. In kuma ka ga wani dattijo a gabanka ya ɗaga tasa, don Allah ka riƙe masa hannu a hankali, ka faɗa masa da bakinka. Kai zai ji maganarka.